Daga Teburin Masani Zuwa Bakin Makirfo: Yadda Ake Fitar da Labarin Lafiya Daga Hukumar Gwamnati

Tambayar da take ta maimaituwa daga sababbin jami'an hulɗa da manema labarai a hukumomin lafiya, da masu shirin neman irin wannan aiki, guda ce: an dire maka rahoto mai shafi 40 cike da alƙaluma, an ce a sanar da jama'a kafin ƙarshen mako, ta ina za ka kama? Ga yadda ake yi daki-daki. A kiyaye jerin matakan, domin yawancin ɓarnar da ake gani a jarida washegari, a kan teburin ofishin yaɗa labarai aka shuka ta.

Akwai hujja a kan haka. A shekarar 2014 mujallar likitoci ta BMJ ta buga nazarin wasu masana daga Jami'ar Cardiff, waɗanda suka bi sanarwar manema labarai 462 daga jami'o'i 20 na Birtaniya, suka kwatanta su da labaran da aka buga daga baya. Inda sanarwa ta zuzuta cewa abu kaza ne ya haddasa kaza, kashi 81 cikin 100 na labaran su ma sun zuzuta. Inda sanarwa ta tsaya a kan abin da bincike ya nuna, kashi 18 kacal ne suka ƙara gishiri.

Kayan aikin da za ka tanada tun kafin buƙata

Na farko, jerin 'yan jarida a shafin Excel ko makamancinsa: suna, gidan da yake wa aiki, fannin da yake bi, harshen da yake aiki da shi, lambar waya, da lokacin da ɗakin labaransu yake rufe karɓar rahoto. A sabunta shi duk wata uku, saboda wakilai suna yawan sauya gida. Na biyu, layin waya da adireshin imel na ofis, waɗanda wani yake dubawa har da dare da ƙarshen mako. Kada ka ba da lambarka ta kanka kaɗai, ranar da ka tafi hutu hukuma ta zama kurma. Na uku, rajistar tambayoyi: wa ya tambaya, me ya tambaya, ƙarfe nawa yake buƙatar amsa, wa ya amsa, me aka ce masa. Sai rakoda ko waya mai isasshen wuri, da kundin kalmomin lafiya da hukuma ta amince da su a kowane harshe da take magana da shi.

1. Ka fara tantance ko akwai labari

Ba kowane rahoto ne yake buƙatar sanarwa ba. Ka yi wa takardar tambaya uku. Mene ne sabo a ciki? Wa ya shafa? Me ake so mutumin ya yi bayan ya ji? Idan amsar ta uku ita ce "babu komai", galibi abin da ya dace shi ne a ɗora rahoton a shafin hukuma na intanet, a aika wa wakilai biyu ko uku da suke bin fannin, shi ke nan. Ziyarar ban girma da buɗe taron bita ba labarin lafiya ba ne, komai son shugabanni.

Hattara: hukumar da take aika sanarwa kullum a kan kowane motsi, editoci sukan daina buɗe saƙonta. Ranar da ta zo da maganar gurɓataccen magani da ya shiga kasuwa, saƙon zai kwana a akwati ba wanda ya duba.

2. Ka karanta da kanka, sannan ka zauna da masanin

Kada ka rubuta daga taƙaitaccen bayanin da ke shafin farko. Ka karanta sashen yadda aka gudanar da binciken, da teburan sakamako, da sakin layin da masu binciken suka lissafa raunin aikinsu, wanda yakan ɓuya can kusa da ƙarshe. Ka ware awa biyu zuwa uku. Daga nan ka nemi minti 30 da jagoran binciken ko masanin yaɗuwar cututtuka da ya haɗa alƙaluman, ka nemi izininsa ka naɗi hirar.

Abin da za ka fito da shi daga zaman: mutum nawa aka bincika, a ina, daga yaushe zuwa yaushe. A kan mutane aka yi gwajin, ko a kan ɓeraye, ko a cikin kwalba a ɗakin gwaje-gwaje. An raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a aka ba wasu magani aka bar wasu, ko kuwa an tsaya ne ana lura da rayuwarsu kawai. Wasu masanan da ba su da hannu a aikin sun tantance takardar, ko har yanzu ba a kai ga haka ba. Wa ya ba da kuɗin binciken, kuma akwai wanda yake da wata maslaha a sakamakon.

Tambayar da ta fi duka amfani ka bar ta ƙarshe: "Wane kanun labari ne idan ka gani gobe zai ɓata maka rai?" Amsar da masanin zai bayar ita ce iyakar da ba za ka ƙetare ba. Sannan ka maimaita masa sakamakon da bakinka, a cikin jimla biyu, kamar kana yi wa maƙwabci bayani. Idan ya yamutsa fuska, ba ka gane ba tukuna, kada ka tashi.

3. Ka zauna da alƙaluma

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi faɗuwa.

Ninki da ainihin adadi. A watan Oktoba na 1995 kwamitin kula da amincin magunguna na Birtaniya ya yi gargaɗin cewa wasu sababbin ƙwayoyin tsarin iyali suna ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya. Maganar gaskiya ce. Amma ninkin daga kusan mace 1 cikin 7,000 ne zuwa 2 cikin 7,000. Jama'a ba su ji wannan ɓangaren ba, mata da yawa suka ajiye maganin ba tare da sun ga likita ba, kuma an ƙiyasta ƙarin zubar da ciki kusan 13,000 a Ingila da Wales a shekarar da ta biyo baya. Saboda haka duk inda ka rubuta "ya ninka" ko "ya ƙaru da kashi kaza", ka bi shi nan take da "wato daga mutum kaza cikin 1,000 zuwa mutum kaza cikin 1,000". Idan adadin ba ya cikin takardar, ka sa masanin ya lissafa maka.

Cikin mutum nawa. A ce gunduma ɗaya mai mutum 100,000 ta samu masu cuta 200, wata mai mutum miliyan 1 ta samu 300. Wanda ya kalli adadi zai ce ta biyu ta fi shan wahala. Alhali ta farko tana da 200 cikin kowane 100,000, ta biyu kuwa 30 ne. Ka zaɓi ma'auni ɗaya ka riƙe shi daga farkon sanarwa har ƙarshe. Idan ka ce "1 cikin 50" a sama ka ce "1 cikin 200" a ƙasa, masu sauraro da yawa za su ɗauka na biyun ya fi muni saboda lambar ta fi girma. Ka mayar da su 4 cikin 200 da 1 cikin 200.

Kaso da maki. Idan yaran da aka yi wa rigakafi sun tashi daga kashi 40 zuwa kashi 50, an samu ƙarin maki 10, wanda yake daidai da ƙarin kashi 25 cikin 100 a kan na da. Mafi sauƙi ka rubuta "daga yara 40 cikin 100 zuwa 50 cikin 100" ka huta.

Waɗanda ake zargi da waɗanda aka tabbatar. Sashen sa ido kan cututtuka yakan raba mutane gida uku: waɗanda ake zargin sun kamu, waɗanda alamu suka nuna kusan tabbas su ne, da waɗanda gwaji ya tabbatar. Kada ka haɗa su a lamba ɗaya. Haka kuma idan za ka faɗi yawan masu mutuwa cikin masu kamuwa, ka tabbatar daga rukuni ɗaya aka ɗauko duka biyun. Wanda ya raba dukkan mace-macen da ake zargi da adadin waɗanda aka tabbatar kaɗai, zai fitar da cutar da ta fi ta gaskiya kisa nesa ba kusa ba. Kowane adadi ya tafi da ranarsa da lokacinsa: "zuwa ƙarfe 6 na yammacin Talata".

Alaƙa da sanadi. Binciken da aka yi ta hanyar lura kawai yana iya cewa "an fi ganin cutar a tsakanin masu yin kaza" ko "akwai alaƙa". Kalmomin "yana jawo", "yana hanawa", "yana warkarwa" sai an yi gwajin da ya isa a faɗe su. Idan a kan ɓeraye aka yi, kalmar ɓeraye ta fito a kanun labari ko a jimlar farko.

Hattara: hauhawar adadi ba kullum take nufin cuta ta ƙaru ba. Wani lokaci an buɗe sabon ɗakin gwaji ne, ko an sauya ma'anar wanda ake ƙirgawa a matsayin mai cutar, ko tsofaffin rahotanni da suka makara sun shigo rana ɗaya. Ka tambaya kafin ka rubuta, in haka ne kuma ka faɗa a sanarwar.

4. Ka fitar da saƙo ɗaya

Kafin ka buɗe kwamfuta, ka rubuta da hannu jimla ɗaya wadda idan mutum bai ji komai ba sai ita, ta wadatar. A ƙarƙashinta ka jera maganganu uku, kowacce da hujjarta. Masanin sadarwa a lokacin haɗari Vincent Covello ya shahara da ƙa'idar 27/9/3: kalma 27, daƙiƙa 9, saƙo 3, gwargwadon abin da gidajen yaɗa labarai suke ɗauka daga bakin mai magana. Da Turanci aka auna kalmomin, don haka a wani harshe ka riƙe lokacin da adadin saƙon, ka karanta da agogo a hannu. Ɗaya daga cikin ukun dole ya zama abin yi: ina za a je, yaushe, wa zai je, kyauta ne ko da biya, wace alama ce idan an gani a garzaya asibiti.

5. Rubutun sanarwar

Tsawonta kalma 350 zuwa 500, shafi ɗaya ko ɗaya da rabi. Kanu ya ɗauki aikatau ya faɗi abin da ya faru, kada ya wuce kalma 12. Jimlar farko ta ƙunshi mene ne, wa ya shafa, ina, yaushe. Sakin layi na biyu ya faɗi abin da jama'a za su yi. Na uku ya kawo alƙaluma. Sai maganar jami'i, sai raunin binciken, sai bayanin baya. A can ƙasa ka sa sunan wanda za a tuntuɓa, lambar da ake ɗauka, da inda za a samu cikakken rahoton. Editoci daga ƙasa suke yanke labari, saboda haka duk abin da ba ka so a rasa ya hau sama.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne buɗe sanarwa da muƙaman shugabanni da godiya ga abokan hulɗa, sai a sakin layi na biyar a ambaci cewa ruwan wani yanki ya gurɓace. Ka juya ta.

Maganar jami'i kuwa, al'ada ce jami'in yaɗa labarai ya tsara ta, amma ba ta fita sai mai maganar ya karanta ya amince a rubuce. Kada ka ɓata ta a kan "muna farin cikin sanar da". Ka sa ta faɗi abin da alƙaluma ba za su iya faɗa ba: me wannan yake nufi ga uwa mai jariri, me hukuma za ta yi gobe.

Kalmomin asibiti ka sauke su ƙasa. "Hawan jini" ya ishe ka, "cutar da ake ɗauka daga dabbobi" ta ishe ka. Jimla ɗaya, tunani ɗaya. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana da ma'aunin duba sauƙin rubutu mai tambayoyi 20, inda ake son takarda ta ci maki 90 cikin 100 kafin ta fita, kuma kowa yana iya samunsa a intanet. Gwajin da ya fi shi sauri: ka ba direban ofis ko mai gadi ya karanta ko ka karanta masa, ka tambaye shi me aka ce ya yi.

Hattara da sunan cuta. A watan Mayu na 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa kada a raɗa wa sabuwar cuta sunan gari, ko na mutum, ko na dabba, ko na abinci, ko na wata sana'a ko al'umma. Dalilin a fili yake: a 2009, sunan "murar aladu" ya taimaka wajen sa Masar ta ba da umarnin hallaka aladun ƙasar, alhali tsakanin mutane cutar take yaɗuwa. A Nuwamban 2022 ma an sauya sunan ƙyandar biri zuwa mpox saboda tsangwama. Ka yi amfani da sunan da hukuma ta tsayar, kada ka laƙaba wa wata unguwa ko ƙabila.

Hattara da sirrin majiyyaci. Cire suna bai isa ba. Idan ka ce "malamar makaranta 'yar shekara 34 a ƙauye kaza", ka riga ka nuna ta da yatsa. Ka faɗi rukunin shekaru da yanki mai faɗi. Hukumomi da yawa ba sa buga adadin da ya yi ƙanƙanta a ƙaramin wuri, rumbun alƙaluman mace-mace na CDC alal misali yana ɓoye duk adadin da bai kai 10 ba. Hoton majiyyaci ba ya fita sai da izini a rubuce, na yaro kuma sai da na iyaye.

6. Sa hannun masu iko

Jerin ya zama haka: masanin ya duba gaskiyar kimiyya, shugaban sashe ya duba ko ta dace da matsayin hukuma, lauya ya duba idan an ambaci kamfani ko wani kaya da ake sayarwa, sai ofishin shugaban hukuma. Ka ba kowa lokaci a rubuce, misali "zuwa ƙarfe 2, in ban ji ba zan kira". Kwafi ɗaya ne yake yawo, da lamba da kwanan wata a sunan fayil. Da zarar kwafi uku sun shiga WhatsApp, wani zai fitar da tsohon.

A aiki na yau da kullum ka ware kwana uku zuwa biyar don wannan mataki. Duk gyaran da wani babba ya yi wanda ya taɓa lamba ko ya sauya aikatau, sai ya koma wurin masanin. Sau da yawa a nan ne "yana iya ragewa" yake rikiɗa ya zama "yana kawarwa", ko a goge sakin layin rauni don a ce yana rage armashi. Ka tsaya kai da fata a kan wannan sakin layin. Idan kai ba ka faɗi raunin ba, wani masani daga waje zai faɗa wa 'yan jarida, kuma a lokacin zai zama labarin ɓoye-ɓoye.

7. Fassara da murya

Bayan an sa hannu ake fassara, ba kafin nan ba, in ba haka ba za a yi aikin sau biyu. Mai fassara ya yi aiki da kundin kalmomin hukuma. Wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da ita harshen farko, a kwatanta. Wuraren da aka fi samun tangarɗa su ne lambobi, yawan magani, da bambancin "yana iya" da "zai". Ka naɗi saƙon murya na daƙiƙa 30 zuwa 60 a kowane harshe, a ambaci sunan hukuma da kwanan wata a cikin muryar kanta, domin irin wannan saƙo yakan dawo yawo bayan shekara biyu kamar sabo.

8. Lokacin sakewa da takunkumi

Safiya, daga farkon mako zuwa tsakiyarsa, ta fi dacewa, domin wakili ya samu lokacin kiran masana kafin a rufe. Sanarwar da aka saki da yammacin ranar ƙarshe ta aiki, 'yan jarida sukan ɗauke ta a matsayin abin da ake son binnewa. Gargaɗin gaggawa shi ba ya jiran kowace rana.

Idan rahoton mai nauyi ne, ana ba amintattun wakilai shi awa 24 zuwa 48 kafin lokaci bisa takunkumi, wato sharaɗin ba za su buga ba sai ƙarfe kaza. Ka rubuta rana da sa'a da agogon ƙasar da ake nufi a saman kowane shafi, kuma ka samu amincewarsu kafin ka aika. Wanda bai ce ya yarda ba, sharaɗin bai hau kansa ba. Idan wani ya karya, ka ɗage wa kowa nan take.

Hattara: idan binciken zai fito a mujallar kimiyya, mujallar ce take tsayar da lokaci. Tun 1969 mujallar New England Journal of Medicine ta kafa ƙa'idar ƙin buga aikin da aka riga aka baza, wasu da yawa suka bi sahu. Sanarwar da ta riga mujalla fita tana iya jawo wa masaninka asarar aikin shekaru. Ana yin sassauci idan rayuka suna cikin haɗari, amma da sanin editan mujallar.

Wajen aikawa, ka zuba rubutun a cikin imel ɗin kansa, ka ɓoye adireshin sauran masu karɓa, kada ka tura hoton takarda wanda ba a iya kwafar rubutunsa. Ma'aikatan asibitoci da masu amsa layin kiran jama'a su samu labarin awa ɗaya ko biyu kafin a sanar da jama'a, tunda su za a fara tambaya.

9. Shirya kakaki da taron manema labarai

Taro ana kiransa ne idan tambayoyi za su yi yawa ko labarin yana da ban tsoro. Kuɗinsa yana tafiya ne a zaure, lasifika da makirfo biyu aƙalla, wutar ko-ta-kwana, intanet na watsa shiri kai tsaye, tafinta, da mai fassara wa kurame. Idan kasafi ya gaza, taro ta bidiyo ko a ɗakin taron hukuma ya wadatar. Sayen fili a rediyo ko talabijin kasafinsa daban, kuma a bayyana cewa talla ce. Biyan wakili don ya buga labari kuwa, ko da wane suna aka kira shi, yana kashe amincin hukuma da nasa.

Masu magana kada su wuce uku. Jawabin buɗewa minti 5, tambayoyi minti 20 zuwa 30. Kwana ɗaya kafin nan ka rubuta tambayoyi 15 zuwa 20 mafiya zafi, musamman waɗanda ake addu'ar kada a yi: me ya sa aka makara, ina kuɗin bara, za ka ba ɗanka wannan allurar. Ka zaunar da kakakin ka jefa masa su da kyamara a kunne, ku kalla tare.

Abin da za ka koya masa kaɗan ne. Idan bai sani ba ya ce "ba mu sani ba tukuna, ga abin da muke yi don mu sani, za mu dawo muku ranar kaza". Kada ya ce "ba zan ce komai ba". Kada ya yi hasashe. Kada ya ce "babu wani abin damuwa" a kan abin da ake kan bincike, domin idan lamarin ya juya, wannan jimlar za a yi ta maimaitawa. Kada ya maimaita mummunar kalmar da ke cikin tambaya. Kuma ya ɗauka kowane makirfo a kunne yake har sai ya shiga mota. Magana ba don bugawa ba, sai an yi yarjejeniya kafin a furta ta, kuma a harkar lafiyar jama'a gara a bar ta gaba ɗaya.

Hattara: masani ya tsaya a kan abin da takardarsa ta nuna. A Fabrairun 1998 mujallar likitoci ta Lancet ta buga takardar wani likitan Birtaniya, Andrew Wakefield, a kan yara 12. Takardar da kanta ta ce ba ta tabbatar da alaƙa tsakanin allurar rigakafin ƙyanda ta haɗaka da cutar galahanga (autism) ba, amma a taron manema labarai ya nemi a dakatar da allurar. Rigakafi ya ja baya a Birtaniya, ƙyanda ta dawo, kuma sai a 2010 aka janye takardar. Idan a wurin atisayen tambayoyi ka ji mai magana yana wuce gona da iri, ka kai maganar sama kafin taro.

Kai ma ka naɗi taron daga farko har ƙarshe. Shi ne shaidarka idan aka juya magana.

10. Idan annoba ce ko wani abin gaggawa

Matakan ba sa sauyawa, lokacinsu ne yake tsukewa daga kwanaki zuwa mintuna. Abin da yake ceton ka shi ne sanarwar riƙon ƙwarya da aka riga aka amince da ƙirarta tun ana zaman lafiya, mai gurabe huɗu: abin da muka sani, abin da ba mu sani ba, abin da muke yi, abin da za ku yi. A ƙasa a rubuta lokacin bayani na gaba, kuma a cika alkawarin ko babu sabon abu. Burin shi ne ta fita cikin sa'a ta farko bayan an tabbatar da faruwar lamarin. A irin wannan hali masu sa hannu su koma biyu, da sunan wanda zai tsaya idan ba a samu ɗayansu ba.

Tsarin da CDC ta fitar a 2002 don irin wannan yanayi ya tsaya a kan abu shida: ka riga kowa magana, ka faɗi daidai, ka zama abin gaskatawa, ka nuna tausayi, ka ba mutane abin yi, ka girmama su. Tausayin a jimlolin farko yake zuwa, kafin lambobi. Wanda ya rasa ɗansa jiya ba ya jin kaso.

Ka tuntuɓi jami'in da yake hulɗa da Hukumar Lafiya ta Duniya kafin ka saki komai. Dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005 sun wajabta sanar da ita cikin awa 24 bayan an auna cewa lamari yana iya shafar wasu ƙasashe, kuma bai dace lambobin da aka aika mata su saɓa da waɗanda aka faɗa a rediyo ba. Lamba ɗaya, daga tushe ɗaya, a lokaci ɗaya kowace rana.

11. Bayan ta fita

Awa biyu na farko ka zauna kusa da waya. Kowace tambaya ta shiga rajista, ka fara da wanda lokacinsa ya fi matsowa. Idan amsa ba za ta samu ba, ka kira ka faɗa masa da wuri.

Ka bi abin da aka buga da abin da aka faɗa a rediyo, har da shirye-shiryen da masu sauraro suke bugo waya, domin a nan ake jin yadda aka fahimci saƙon. Yawan gidajen da suka ɗauka ba shi ne ma'auni ba. Ka duba uku: lambar ta fita daidai, abin yi ya fito, an ambaci raunin.

Idan wakili ya yi kuskure, shi za ka fara kira, cikin ladabi, da jimlar da ta karkace da wadda ta dace da shafin rahoton da ya nuna haka. Sai in ya ƙi ne za ka je wurin edita. Kuskuren lamba ko na yawan magani ake bi, ba salon kanun da bai yi maka daɗi ba. Idan kuma kuskuren naku ne, a gyara a fili: a rubuta "Gyara" a sama, da kwanan wata, da abin da aka sauya, a aika wa duk wanda ya samu ta farko. Goge shafi a ɓoye ba ya aiki, wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

Jita-jita kuwa ana auna ta da abu biyu: yaya take yaɗuwa, kuma za ta iya cutar da wani. Wadda ba ta wuce mutum kaɗan ba, amsa ta talla ce gare ta. Wadda za ta sa mutane su sha wani abu ko su guji asibiti, ba a kwana da ita. A watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, saƙon cewa shan ruwan gishiri da wanka da shi yana kare mutum ya zagaya Najeriya cikin dare ɗaya, aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar da su. Tsarin amsa shi ne ka buɗe da gaskiyar, ka ambaci ƙaryar sau ɗaya a taƙaice tare da gargaɗin cewa ƙarya ce, ka bayyana illarta, ka rufe da gaskiyar da abin yi. Kada ƙaryar ta hau kanu, kada kuma ka yaɗa hoton saƙon ba tare da tambarin "ƙarya" a kansa ba. Amsar ta bi hanyar da jita-jitar ta bi: in da murya ta zo, da murya za a mayar.

Cikin mako guda ku zauna minti 30 da masanin da kakakin. Tambayoyin da suka zo ba ku shirya musu ba su shiga jerin tambayoyi na gaba, kalmar da ta rikita mutane a gyara ta a kundin kalmomi, lambobin wayar da ba su shiga ba a cire su daga jerin. Kwafin ƙarshe na sanarwar, da takardar amincewar kowane mai sa hannu, da faifan taron, a adana su a fayil ɗaya mai kwanan wata.